Bashi na biyu ne ke durƙusar da mutum

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan bashi. Na san malamai sun yi wa'azi a kansa, masana tattalin arziki ma sun yi rubutu. Ni tsohon ma'aikacin sashen albashi ne, na yi rayuwar aikina ina lissafa abin da za a biya mutane da abin da za a cire musu, har na yi ritaya. Wanda ya zauna a wannan kujera yakan san sirrin da matar mutum ma ba ta sani ba, domin takardar albashi ba ta ɓoye komai. A samanta akwai abin da aka ce mutum yana samu, a ƙasanta akwai abin da zai kai gida, tsakaninsu kuma layukan cire-cire. A waɗannan layuka na koyi abin da nake son faɗa.

Da wuya bashin farko ya durƙusar da mutum. Na biyu ne ke yin wannan aiki: wanda aka ci don a biya na farko, ko wanda aka ci don a jefa a wata harka da ake fatan za ta ninka kuɗi nan take a rabu da na farkon. Daga nan ne layi ɗaya ke zama uku, uku su zama biyar. Kuma kada a ɗauka ƙananan ma'aikata kaɗai abin ke samu. Na ga manyan jami'ai da albashinsu ya ninka na masinja sau da yawa, amma abin da ke rage musu bayan cire-cire bai kai na masinjan ba. Su ne ma masu ba da rance suka fi bi, saboda an san akwai inda za a cira.

Ba na zargin wanda ya ci bashi don ya kai mara lafiya asibiti, ko don kada a koro yaransa daga makaranta, ko don mai gida ya ce ya kwashe kayansa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata ana jiran ya biya kafin a taɓa matarsa ba, kada ya yi saurin kiran wani wawa. Magana ta a kan abin da ke biyo baya ce, lokacin da gaggawa ta wuce, mutum ya samu damar zama ya yi lissafi amma ya ƙi.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne, sai dai an tsara tallace-tallace ne don kada a yi shi. Za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe: "kashi 5 cikin ɗari kacal." Ba a ce a wata ba ne ko a shekara, sai ka duba can ƙasa da ƙananan rubutu. To, mu ɗauki 100,000 a kowane irin kuɗi mai karatu ke kashewa, a kan kashi 5 a wata, na tsawon wata 12. Kuɗin ruwa 5,000 ne kowane wata, wato 60,000 a shekara. Za a mayar da 160,000 ke nan, kusan 13,333 duk ƙarshen wata. Wannan ma wasu sun gane shi. Abin da ba su gane ba shi ne, yawancin irin wannan rance ana lissafa ruwan ne a kan uwar kuɗin gaba ɗaya daga farko har ƙarshe. A wata na shida ka riga ka mayar da rabin uwar kuɗin, amma ana ci gaba da cajin ka kamar dukan 100,000 na hannunka. A wata na ƙarshe, abin da ya rage a kanka bai kai 9,000 ba, amma ruwan nan na 5,000 yana nan daram. Idan aka lissafa a kan abin da ke hannunka da gaske, ruwan ya haura kashi 8 a wata. Sannan tun ranar farko an cire kuɗin fom da kuɗin inshora, abin da ya shigo asusunka bai cika 100,000 ɗin ba.

Rancen kwanaki kaɗan, irin na "kafin albashi ya shigo", ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. A Amurka, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, an saba cajin dala 15 a kan kowace dala 100 na mako biyu. A kunne kamar ba komai. Amma akwai mako biyu sau 26 a shekara, ka ga kashi 390 ke nan. Hukumar kare masu mu'amala da harkokin kuɗi ta ƙasar ta bincika a 2014, ta gano cewa huɗu cikin biyar na irin wannan rance ana sabunta su ko a ci wani cikin kwana 14. Wato ribar sana'ar ba daga wanda ya karɓa ya biya ya tafi take fitowa ba, daga wanda ya kasa fita take. A Birtaniya sai da hukuma ta sa baki a watan Janairun 2015, ta ce ruwa kada ya wuce kashi 0.8 a rana, kuma duk abin da za a ɗora wa mutum, ruwa da tara, kada ya wuce adadin abin da ya ranta. Idan ƙasashe masu ƙarfin doka sai da suka yi wannan, ina ga wanda ke karɓar rance ta manhajar waya da bai san ko ofishinta ba?

Akwai wani matashi da ba na mantawa da shi, ma'aikaci mai natsuwa, ba ya shaye-shaye, ba ya fashin aiki. Ya shigo ofishina da yamma bayan kowa ya watse, yana neman takardar shaidar albashi da zai kai wani wurin ba da rance. Ya kife wayarsa a kan tebur. Muna magana tana kuka, tana motsi a kan katako, shi kuwa ko kallonta ba ya yi, sai dai duk lokacin da ta yi ƙara kafaɗarsa takan ɗan ɗaga.

Ya ce, "Baba, wannan ne na ƙarshe. Idan na samu zan haɗa su duka in biya in huta."

Na ce, "Su duka ɗin nawa ne, ɗana?"

Ya ce uku. Na miƙa masa farar takarda da biro, na ce ya rubuta mini su, kowanne da abin da ya rage da ranar biya. Ya rubuta uku, ya tsaya, ya ƙara ɗaya. Ya buɗe wayar ya duba, ya ƙara biyu. Can ya ce akwai na wani abokinsa amma wannan ba shi da ruwa, na ce a rubuta. Bakwai. Da muka haɗa, abin da zai biya a wata ya zarce abin da yake kaiwa gida. Ya daɗe yana kallon adadin, domin ashe bai taɓa ganin su wuri ɗaya ba. Na farkon, wanda ya ci lokacin da aka yi wa matarsa aiki wajen haihuwa, shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma da ya daure wata huɗu da tuni ya gama da shi. Sai wani wata ya zo da ƙarin ɗawainiya, ya kasa cika biyan, ya ji tsoron tara, ya ranto a waya ya cike. Wa'adin na wayar mako biyu ne. Ranar da ya cika sai ya ranto a wata manhajar. Biyu daga cikin bakwai ɗin kuwa, da ƙyar ya faɗa mini, cacar ƙwallo ya yi da su, yana fatan ci ɗaya ya share komai.

Kan wannan caca zan ɗan tsaya, domin ita ce ramin da matasa suka fi faɗawa yanzu, kuma da yawa ba sa kiran ta caca, sai su ce ai sanin ƙwallo ne. Kalmar da za ka fi ji a bakinsu ita ce, "wasa ɗaya ne ya yanke mini." Suna ganin sun kusa. A ce mutum gwani ne, kowane wasa da ya zaɓa yana da damar cin kashi 70 cikin ɗari, wanda ba ƙaramin gwaninta ba ne. Idan ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, damar su ci gaba ɗaya ba ta kai 3 cikin ɗari ba. Saboda haka a samu wasa ɗaya ko fiye da zai yanke shi ne abin da ya fi faruwa, ba rashin sa'a ba ne, haka abin yake. Ga kuma rabon kamfani da aka riga aka cusa a cikin kowane farashi. A ce kashi 5 ne a kowane wasa. Idan aka jera goma, rabon nan yakan taru ya kai kusan kashi 40 na duk abin da aka zuba. Shi ya sa kamfanonin suka fi tallata dogon tikiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ta amince da su, kuma tun watan Afrilun 2020 Birtaniya ta hana yin caca da katin bashi, saboda an ga abin da haɗuwar bashi da caca ke yi wa iyalai. Mu Musulmi ma ba mu buƙatar jiran wata hukuma, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta gama magana.

Manya kuma, waɗanda ke ganin sun fi ƙarfin caca, nasu ramin shi ne "zuba jari". Wani zai zo ya ce akwai kamfanin da ke ba da ribar kashi 30 a wata. Ka tambaye shi me suke sayarwa, ya ce harkar intanet ce, ko canjin kuɗi, ko ma'adinai a wata ƙasa. Ka nuna shakka, sai ya fito da waya ya nuna maka saƙon banki: "Ni dai an biya ni." Gaskiya ya faɗa, an biya shi. Da kuɗin wanda ya shigo bayansa aka biya shi, kuma an biya shi ne don ya zo ya nuna maka. Kashi 30 a wata, idan ana mayar da riba cikin uwa, yana nufin 100 ta zama fiye da 2,300 a shekara ɗaya. Wanda ke da sana'ar da ke haifar da haka, me zai yi da ɗan kuɗinka? Bankuna za su yi layi a ƙofarsa.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1920, a birnin Boston na Amurka, Charles Ponzi ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, kuma kafin shekarar ta ƙare asirinsa ya tonu. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan damfara. A Albaniya, kusan kashi biyu cikin uku na al'ummar ƙasar suka zuba kuɗi a irin waɗannan kamfanoni, wasu suka sayar da gidaje da dabbobi. Da suka rushe a farkon 1997 ƙasar ta hargitse, gwamnati ta faɗi, mutane kusan 2,000 suka rasa rayukansu. Kada kuma a ce jahilai kaɗai ake kamawa. Bernard Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, masu kuɗi da bankuna da gidauniyoyi ne suka ba shi amana, sai a Disambar 2008 aka gano babu komai a ƙasa, aka yanke masa shekara 150 a kurkuku. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan harka shi ne na ga ma'aikata suna karɓar rance mai ruwa a kan albashinsu don su zuba. Ranar da kamfanin ya rufe shafinsa, jarin ya tafi, amma cire-ciren yana nan yana bin su shekara biyu, shekara uku. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ko harkokin da ba damfara ba ne, ba wurin kai kuɗin aro ba ne. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 na ƙananan masu cinikin hasashen farashi ta intanet asara suke yi. Kuɗin intanet ɗin nan Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021, bayan shekara ɗaya ya faɗo ƙasa da 16,000, a watan da kamfanin FTX mai cinikin kuɗin intanet ya rushe da kuɗin jama'a. Bitcoin ɗin ya sake tashi daga baya, gaskiya ne. Amma mai kuɗin kansa ne ke iya jira. Wanda ya ranto, ranar biya ba ta jiran farashi ya farfaɗo.

Akwai kuma bashin da mutum ke biya alhali bai ci ko sisi ba. Wata ma'aikaciya, uwar marayu, ta tsaya wa wani abokin aiki a kan rance. Ya ce mata sa hannu ne kawai, cika ƙa'ida. Bayan 'yan watanni ya ajiye aiki ya ɓace. Ni ne na shigar da sabon layin cirewa a takardarta, kuma ni ta zo ta samu da takardar a hannu, tana nuna layin da yatsa. Ta ce, "Malam, ai ni ban karɓi komai ba." Na ɗauko kwafin yarjejeniyar na nuna mata sakin layin da ke saman sa hannunta. Ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi, ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta yi godiya ta fita. Fiye da shekara ana cire mata. Duk wanda ya tsaya wa wani, ya sani cewa a idon doka ya ce ne idan wancan ya gaza shi zai biya. In ba zai iya biyan adadin nan ba tare da yaransa sun ji a jikinsu ba, to ya ba da haƙuri tun farko, ko ya ba da ɗan abin da zai iya kyauta. Ɓacin ran rana ɗaya ya fi sauƙi.

Abin da ke riƙe mutane a cikin wannan hali har ya yi nisa shi ne kunya. Mai bashi yana ɓoye wa matarsa, yana ɓoye wa iyayensa, daga baya ya ɓoye wa kansa, ya daina buɗe saƙonni. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, an tambayi Manzon Allah (SAW) dalilin da ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, ya nuna cewa idan bashi ya yi wa mutum nauyi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Na ga wannan da idona a jikin mutanen kirki, waɗanda a da ba za su iya kallon ka su faɗi abin da ba haka ba. Masu manhajojin rance sun san wannan kunya, da ita suke aiki. Suna kwashe lambobin da ke wayar mutum, ranar da ya makara su aika wa surukansa da shugabansa a wurin aiki saƙon cin mutunci. Sai ya ruga ya ranto a wani wuri don ya toshe bakinsu. Abin ya yi yawa har kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na sauke manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen watan Mayun 2023, amma waɗanda ake saukewa ta wasu hanyoyi ba su san da wannan doka ba.

Shi wancan matashi ban ba shi takardar ranar ba. Na ce ya je ya dawo jibi, in har yana so zan sa hannu, domin haƙƙinsa ne, amma kafin nan ya nuna wa matarsa farar takardar da ya rubuta. Bai dawo neman takardar ba. Daga baya ya ba ni labari cewa ta yi kuka, ta yi fushi na kwanaki, sannan ita ce ta karɓi lissafin gidan. Suka sayar da abin da za a iya sayarwa, suka fara da basussukan waya masu ruwa mafi zafi, ya je da ƙafarsa wajen mai babban bashin tun kafin wa'adi ya nemi a tsawaita masa, aka yarda. Masu ba da bashi da yawa sun fi son a biya su a hankali da a gudu, kuma Alƙur'ani a aya ta 280 ta Suratul Baƙara ya umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ya ɗauke shi kusan shekara biyu. Abokin nan da ya ranta masa ba ruwa, shi aka bari ƙarshe, kuma zumuncinsu bai koma yadda yake ba. Ba kowa ne ma ke samun wannan ƙarshe ba. Na san wanda ya rasa aure, na san wanda ya taɓa kuɗin ofis ya rasa aiki da mutunci gaba ɗaya.

Ranka ya daɗe Edita, ga roƙona. Jaridu da gidajen rediyo suna karɓar tallan masu ba da rance da masu caca da masu "zuba jari", kuma na san da talla ake biyan ma'aikata, ba na cewa a rufe ƙofa. Amma mai karatu ya yarda da jaridarsa, abin da ya gani a shafinta yakan ɗauka an tantance. Ina roƙon kada ku karɓi tallan rance sai an rubuta, da baƙaƙe masu girma ɗaya da na alkawarin, jimillar abin da mutum zai mayar idan ya karɓi 100,000, da tsawon wa'adi, da tarar makara. Duk wanda ya ƙi rubuta wannan ya san abin da yake ɓoyewa. Tallan da ke alkawarin tabbatacciyar riba kowane wata kuwa, ku nemi shaidar rajistarsa da hukumar da ke sa ido a kan harkar kafin ku buga, in babu ku mayar masa da kuɗinsa.

Sannan ku ware ɗan fili kowane mako, ko da rabin shafi ne, inda mai karatu zai aiko da sharuɗɗan rancen da ake masa tayi, ba tare da sunansa ba, a lissafa masa a fili abin da zai biya daga farko har ƙarshe kafin ya sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa ta sauka, har ta ce marubuci kada ya ƙi rubutawa. Ni ina da lokaci yanzu, idona yana gani, kuma wannan lissafi shi na yi duk rayuwata. In kuna buƙatar mai yi, zan yi muku ba tare da an biya ni ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin sashen albashi